Wadda ta laƙanta wa Inna shahada

Laraba da dare, Gwarinpa

Masu gaisuwa sun watse, barci ya ƙi zuwa. Tun da aka kwantar da Inna a asibiti ban matsa daga gefenta ba, sai yau da safe da na sauka ɗebo ruwan zafi. Ina dawowa na tarar an ja labule.

Haushin kaina ya kama ni. Wa ya laƙanta mata kalmar shahada?

Ashe Mama Saratu ce, tsohuwar nan 'yar Paikon Kore ta gadon kusa, wadda nake wa tsaki duk sanda ta fara waƙoƙin coci. Matar da ko bayan gida sai an riƙe ta, ita ta sauko da robar ƙarin ruwa a hannu, ta juya Inna ta fuskanci alƙibla, tana maimaita mata shahada a kunne.

Ta ce, "'Yata, kar ki yi kuka. Ƙanena Musulmi ne, na ga yadda aka yi masa. Mamanki ta faɗa, da kunnena na ji."

Ikon Allah! Ni ina ta gadin wannan lokaci, ashe ba ni aka ajiye wa shi ba.