Sulhu A Ranar Da Auta Ke Dariya

Yaya Babba,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce daga ƙaninki, tare da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Maigida da yara da jikoki. Allah ya ƙara wa gwiwarki sauƙi, ya kuma ba ki ikon bin maganar likita, don na san ki da zama ki saurare shi da ladabi, ki yi masa godiya, ki dawo gida ki yi abin da kika ga dama. Mu nan sai godiya. Maiɗakina ta warke daga murar da ta kayar da ita. Babbar 'yarmu ta fara aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, yanzu ko ruwa na ɗauka zan sha sai ta tambaye ni daga ina ya fito. Ni kuwa ina nan a ɗakin karatu, ina gadin littattafan da ba mai nema, ina tashin waɗanda suka zo shan fanka barci ya kwashe su.

Za ki ce me ya hana in kira ki a waya. Na kira sau biyu, ba ki bar ni na kai aya ba. Da na ce "Auta" sai ki ce Allah sarki yaron nan, ki shiga ba ni labarin yadda kika goye shi bayan rasuwar Inna, alhali yaron nan naki shekararsa arba'in da uku, furfura ta fara cin gemunsa. Takarda kuwa ba a katse ta, sai dai a yage, kuma na san ba za ki yaga ba sai kin ga abin da na ce a kanki.

Ga abin da ke faruwa. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan da Maman Biyu ta bar gidan Auta. Ba zagi, ba duka, ba a ji ko tari ba. Ta share gida, ta wanke kwanuka ta kife, ta ba maƙwabciya makulli, ta kama hannun 'yan biyunta ta tafi gidan yayanta. Ta ce ba rabuwa take nema ba, amma ba za ta koma ba sai mijinta ya ga likitan da ke duba lafiyar ƙwaƙwalwa. Yayanta kuma, wanda kin san ba ya maimaita magana, ya ce ya ba mu zuwa ƙarshen wata. In ba a yi komai ba, zai zo da kansa ya nemi a sallami ƙanwarsa. Auren shekara goma sha shida ne muke shirin zubarwa, Yaya, kuma da hannunmu a ciki, nawa ya fi na kowa tsawo.

Kin san Auta, amma rabinsa kika sani, don ba ya ɗaga waya sai ranar da yake sama. A irin wannan ranar yakan riga kowa buɗe shago, zarto na kuka yana waƙa, ya karɓi aikin gado uku da kujeru goma da kabad, ya ce wata mai zuwa zai buɗe shago na biyu. Ya dawo gida da tsaraba niƙi-niƙi, ya ɗaga yara sama. A irin wannan ranar ce ya dubi ƙofar kicin ɗinsu ya ce ba ta dace da gidan kafinta ba, ya cire ta nan take don ya yi wadda ta fi ta. Wata bakwai ke nan, tsohon zani ne ke rataye a wurin. Bayan kwana huɗu ko biyar sai abin ya sake shi ya faɗo. Shago a rufe, shi a kwance ya juya wa duniya baya. In matarsa ta tambaye shi ko zai ci abinci, ya ce ta dame shi. In ta yi shiru, ya ce ta raina shi. In ta kai masa ruwa, ya ce sa ido take yi. Yaran nan 'yan shekara tara sun iya karanta ubansu daga yadda ya jingine babur. Ɗaya ta leƙa ta taga ta dawo ta gaya wa 'yar'uwarta yau akwai Baba, ko yau babu Baba. Mu kuwa me muka ce duk shekarun nan? Muka ce halin marigayi mahaifinmu ne ya gado, muka shafa wa kanmu lafiya, kamar an ce mana gado ba a kai shi asibiti.

Yanzu ga nawa laifin, ki karanta ki more. Sau huɗu Maman Biyu tana kawo mini ƙara, sau huɗu ina tara Kawu da Gwaggo mu je sulhu. To ni da yake mai wayo ne, na karanta littattafai, ba na kiran zama sai na fara biyawa ta shago na auna shi. In na tarar da kwaɗo a ƙofa, sai in ce a ɗaga, yau ba za a ji daɗin magana ba. In na jiyo waƙa tun daga bakin titi, garin katako na tashi, sai in buga wa Kawu waya in ce su taho yanzu-yanzu, mutumin yana cikin daɗin rai. Wallahi a lokacin gani nake hikima ce. Mu shiga, ya tarbe mu baki har kunne. Ya karɓi sandar Kawu ya goge mata kai ya sa mata roba tun ba mu zauna ba. Ya sa Gwaggo dariya har ta sarƙe. Kafin matar ta buɗe baki ya durƙusa ya ce duk laifinsa ne, a yafe masa, har da ƙwalla. Ita kuma tana gefe da maganar da ta kwashe wata uku tana tarawa, tana kallon maganar na ƙanƙancewa a bakinta. In ta ce yakan yi mako bai ce mata uffan ba, sai a dubi mutumin da ya hana kowa magana don surutu, a dube ta. Gwaggo ta ja ta gefe ta ce mata ta gode wa Allah, mata nawa ke neman miji mai fara'a irin wannan. Kawu ya yi wa'azin haƙuri na rabin awa yana jujjuya sandarsa da ta zama sabuwa. Mu tashi muna yaba wa junanmu. Bayan kwana uku ya koma ya fuskanci bango, ita kuma ta rasa wanda za ta gaya wa, tunda manya sun zo sun gani da idonsu.

Ban gane haka da kaina ba, kada ki ɗauka kaifin basira ne. Na je wurinta gidan yayanta da jawabi a shirye, don littafi uku na karanta a kan zaman aure a wannan makon. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo shayi, ta bar ni na zuba har na gaji. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba:

"Yaya Malam, sau huɗu kuna zuwa sulhu, ba ku taɓa samun mijina a gida ba. Wanda kuke samu ɗin nan, da da shi nake zaune kullum, me zai fito da ni?"

Na ajiye kofin shayin. Abu ɗaya ta roƙe ni, in je in gan shi ranar da shagon ke rufe.

Na je ranar Talata da hantsi. Shago a garƙame, kujerun mutane da bai ƙarasa ba a waje ruwa ya dake su har sun kumbura. A gida na yi sallama uku ba amsa, na shiga. Labule a sake, ɗaki duhu, yana kwance da rigar da ta yi kwana huɗu a jikinsa, abincin da maƙwabciya ta aiko na nan a rufe ya fara tsami. Na ce bari in yi masa ɗan barkwanci kamar yadda muka saba. Yaya, ya tashi zaune ya wanke ni tas. Ya ce tun muna yara nake raina shi don na yi karatu shi yana aske katako, ya ce dangi sun sa shi a gaba kamar mahaukaci, in fita masa daga gida in koma in shaƙi ƙurar takarduna. Raina ya ɓaci, na tashi na sa takalmi. Ina tsakar gida na ji wani irin sauti da ban ji daga bakinsa ba tun ranar da muka dawo daga binne Baba. Na koma na zauna a bakin gado. Can ya ce shi bai san abin da ke ɗaga shi ba, bai san abin da ke kayar da shi ba, yana jin maganar na fita daga bakinsa yana ƙinta amma ba ya iya riƙe ta. Ya ce:

"Ranar da kuke ganin ina dariyar nan ma tsoro nake ji, don na san abin da ke biye da ita."

Awa biyu kawai na yi a ɗakin nan, na fito kamar wanda ya yi dako. Matar nan ta yi shekara goma sha shida, mu kuma muna aika mata da haƙuri kamar wanda ke aika wa mai jin yunwa da hoton abinci.

Ranar Juma'a sai ga shi a wurin aikina, ya yi aski, ya sa sabuwar riga, yana gaisawa da kowa da ƙarfi a wurin da aka rubuta a yi shiru. Ya ce likita ko goma ne zai gani, ya zaro tef ɗin awo ya fara auna kantocin littattafaina wai sun karkace. Kin san me na yi? Na tsinci waya a hannuna ina neman lambar Kawu. Sai da na ga sunan a fuskar wayar na dawo hayyacina. A maimakon haka na kira 'yata, ta samar mana ganin likita ranar Alhamis ta sama da ƙarfe tara na safe, Maman Biyu kuma ta yarda za ta zo ta faɗi abin da ta gani. Zuwa Lahadi Auta ya ce ai ya warke, gajiya ce kawai, likita na masu ciwo ne. Ya ce zai kira Yaya Babba, ita kaɗai ta fahimce shi, za ta yi wa matarsa magana ta dawo.

Dalilin takardar nan ke nan. Zai kira ki, muryarsa kamar ta ango, ya tuna miki yadda kike ɗaura masa ɗamara ya tafi makaranta, zuciyarki ta narke. Ke kuma ki ɗauki waya ki ce wa Maman Biyu ta yi haƙuri don darajarki. Tana ganin girmanki, ko dai ta kasa musa miki ta koma, mu yi na biyar, ko ta musa miki, daga nan kuma babu sauran wanda za a aika. Don Allah, Yaya, kada ki kira ta. Haƙurinta ba shi ne ya ƙare ba, namu wayon ne ya ƙare. Kada kuma ki ce mini haka Allah ya yi shi. Ke ma haka Allah ya yi ki da hawan jini, amma ga ƙwayoyi nan a jakarki. Shi za ki kira. In kin same shi yana dariya, ki gaisa ki ajiye. Ki sake kira washegari, da wanshekaren washegari, har ki dace da ranar da zai ƙi ɗagawa. Ranar ki yi ta kira sai ya ɗaga, ki saurari ɗan naki da kyau, sannan ki ce masa ke kika ce ya je wurin likita. Ni ya ɗauke ni mai raini, Kawu ya ɗauke shi mai wa'azi, amma bai taɓa tsallake maganarki ba.

Ki gaishe mini da Maigida, ki ce ina nan ina ajiye masa tsofaffin jaridun da yake so. Ki gaishe da Injiniya da amaryarsa, da Mai Surutu da yaranta, da ɗan ƙaramin da aka ce ya fara tafiya yana fasa muku kofuna. Maiɗakina da yara suna gaishe ku. Gwaggo ma na gaishe ki, har yanzu tana cewa ba ta ga abin da yarinyar nan take nema ba.

Alhamis ƙarfe takwas zan tsaya da babur a ƙofar gidansa, ko yana waƙa ko yana kwance. Ɗaukarsa da kai shi nawa ne. Ya fito ya hau, wannan naki ne.

Ƙaninki da kika ce karatu ya hana shi hankali,
Mai Littattafai