Rumfar Wankan Jegona Ba Gidan Sabulu Ba Ce

Zuwa ga Mai Girma,
Babban Malami mai sa hannu a takardun izinin gini,
Cikin Birni, Kano.

Daga Talatu, matar Malam Ilu maɗinki,
Unguwar Soron Ɗinki.

Litinin, 18 ga Yuni, 1956.

Game da: Hana mu gina rumfar dafa ruwan wanka a tsakar gidanmu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, ina sanar da kai na haihu. Mace ce, ranar Juma'a ɗaya ga watan nan, da gashinta cunkus har goshi, bayan shekara biyar muna roƙon Allah. Ni na rubuta wannan da hannuna, don na yi aji uku kafin a yi mini aure, in ka ga harafi ya karkace to tana kan cinyata ne. Sunan mai gidana da ke sama, doka ce ta sa na rubuta, ba na faɗarsa da baki. Ga ƙorafina:

1. Ranar 3 ga Afrilu, tun kafin azumi, mai gidana ya kawo takarda ofishinku yana neman izinin ɗan gini a kusurwar tsakar gida: katangar tubali biyu, azara, da rufin kwano. Rumfa ce kawai da za a hura wutar wankan jego ba tare da ruwan sama ya kashe ta ba, don ya lissafa ya ga cikin damina zan sauka. Aka ce ya jira mai dubawa. Ya jira har azumi ya wuce aka sha ruwa.

2. Ranar 22 ga Mayu wani Malam Maharazu ya zo a kan keke, da farar safa har gwiwa da fensir a bayan kunne. Mai gidana ya ce bari mata su shige ɗaki ya shigo ya auna, yadda ake yi wa magina da masu gyaran rijiya. Sai ya ce shi ɗan birni ne, ya san ba a wuce soro a gidan aure. Madalla da kunya. Amma kunyar ba ta hana shi ɗaga asabari da fensirin ya leƙo ba, ina kallonsa ta tagar ɗakina. Leƙen nan shi ne duk aikin da ya yi. Igiyar awonsa ko kwance ta bai yi ba.

3. Abin da ya hango tsibin itace ne, da babban duro, da buhun kanwa. Ranka ya daɗe, wane gida ne a birnin nan ake jiran haihuwa ba a tara waɗannan? Itacen na dafa ruwa ne safe da yamma har arba'in, kanwar ta kunu ce. Malam Maharazu ya koma ya rubuta wai gidan dafa sabulu za mu buɗe a ɓoye, wai hayaƙi da wari za su cuci maƙwabta, don haka an hana. Ban san a inda aka rene shi ba. Na dai san haifarsa aka yi, kuma wata ta dafa wa mahaifiyarsa ruwa a duro irin wannan, sai dai ko shi daga cikin akwatin ofis aka ciro shi da safarsa.

4. Takardar hanin ba ta tashi zuwa ba sai ranar suna, 8 ga wata, da hantsi, malamai cike da ƙofar gida an gama addu'a ana rabon goro. Masinja ya miƙa, wani mai karatun boko ya karanta da ƙarfi don ya zaci barka ce daga hukuma. Yanzu duk unguwa Sarkin Sabulu ake kiran mai gidana, mata na aiko da tambayar ko ya dahu. Shi ya ce a yi haƙuri, halinsa ke nan. Bikin sunan dai ya yi kyau, ragon har da rabon 'yan'uwa na Ƙofar Nassarawa, kuma jaririyar ko motsi ba ta yi ba da wanzami ya aske ta.

5. Wannan shi ne babba. Iyayena sun rasu, shi ya sa ban tafi wankan gida ba, kakata Ya Kaka ce ta taso daga Ringim take yi mini a nan. Sau biyu ke nan ruwan sama na sauka kan murhu, wuta ta mutu, na yi wanka da ruwan da ko kaza ba zai fige ba. Ya Kaka ta rantse ba za ta zuba ido sanyi ya shige ni ba, irin wanda ya kumbura wa ƙanwarta ƙafa har ta bar duniya. Ta ce in aka yi na uku, jirgin ƙasan Ringim za ta saka mu ni da jaririya, kuma ba dawowa sai yarinya ta yi zama. Ta riga ta ɗaure kayanta, kullum tana tsakar gida tana duban gabas ko hadari ya taso. Mutumin da ya jira shekara biyar, ya tara itacen nan ɗauri-ɗauri da kuɗin allura da zare, a raba shi da 'yarsa saboda wani ya leƙa ta asabari? Jiya da hadari ya haɗo na gan shi riƙe da tabarma a kan murhu, shi yana jiƙewa.

Saboda haka ina roƙo da girman Allah da girman kujerarka:

A soke maganar sabulun nan, a ba mu izini cikin makon nan, magini Isiyaku ya ce yini biyu ya ishe shi. In dole sai an sake dubawa, kuma Malam Maharazu har yanzu kunya na damunsa, a turo mace. Uwargidanka ma in ta zo da maraba, ta ga kusurwar, ta sha kunu. In ba hali, shi Malam Maharazu ya turo mahaifiyarsa. Ina da tabbacin tana shigowa za ta gane duron.

Ka yi haƙuri da yawan zancen yarinyar. 'Yar fari ce, a gida ba ni da halin yabonta ko kiran sunanta, ko ɗaukarta na yi a gaban manya sai in ɗaure fuska. Kai kuwa ba ka ganina. Tana da ɗan lotsawa a kumatun hagu, irin na ubanta sak, kuma shi ya fara gani.

Allah ya ja zamaninka, ya sa hannunka ya riga hadari sauka.

Ni ce mai biyayya gare ka,

Talatu, uwar Jummai.
(Wannan layin kada a karanta wa Ya Kaka.)