Minti Goman Doña Nieves

Litinin, 5 ga Maris, 2012

An sake wa bututun hayaƙin jirgina fenti. Launi na huɗu ke nan. Shuɗi ne a zamanin Don Simeon Alcarde da ya kafa kamfanin. 'Ya'yansa suka sayar wa mutanen Cebu, aka shafa ja. Na Cebu suka haɗe da na Manila, kore. Yanzu ruwan hoda, don Allah dubi, na wasu masu hannun jari da ko tashar Iloilo ba su taɓa takawa ba. Na sa wuƙa na ɗan kankare gefe guda. Shuɗin yana nan a ƙasa.

Alhamis, 8 ga Maris

Takarda daga ofis: ranar 14 babu tsayawa a gaban tsibirin Balyas. Wai ɓarnar mai ce. Kyaftin ɗin da ya saɓa, a bakin aikinsa.

Shekara talatin da ɗaya ke nan, duk 14 ga Maris muna kashe inji na minti goma a inda jirgin kamfaninmu mai suna Doña Nieves ya nutse, a busa ƙaho sau uku, iyalan mamatan su zuba furanni a ruwa. Ko na Manila, duk maƙonsu, ba su taɓa hanawa ba. Saura wata bakwai in yi ritaya. Bakwai kacal.

Asabar, 10 ga Maris

Manang Soling ta zo gida da shinkafarta ta cikin ganyen ayaba. Mijinta Nong Berto shi ne kukun Doña Nieves, shi ya cire rigar ceto daga jikinsa ya ɗaura mini ranar, ina sabon shiga aiki. Ba a ga gawarsa ba.

Ta ce, "Toto, bana ƙafar nan ta ƙi ni, amma ko a kwando ne sai an hau da ni." Na yi dariya. Ban faɗa mata zancen takardar ba. Na ci shinkafar kamar ɓarawo.

Talata, 13 ga Maris

Dodoy, babban injiniyana, ya tare ni a matakala. "Kap, injin nan fa ya tsufa. In ya shaƙe gobe wajen ƙarfe goma, laifin wa?" Har da kashe ido. Na ce yanzu na'ura tana nuna wa ofis komai. Ya ce, "Au, ashe kai ma an shafa maka hodar." Saura kaɗan in mare shi.

Tsoro nake ji, gaskiyar ke nan. Matata Luz ta ajiye maganin zuciyarta a kan tebur, wanda asibitin kamfani ke ba ta, daidai inda nake shan kofi.

Laraba, 14 ga Maris

Ban tsaya ba.

Na busa ƙahon, takarda ba ta hana wannan ba. Dodoy ya kira sau biyu daga ƙasa, na ƙi ɗauka. Iyalan mamatan su goma sha ɗaya ne a bayan jirgi, suna jiran inji ya yi shiru. Da Manang ta ga Balyas yana wucewa sai ta watsa furanninta da sauri, iska ta maido su kan jirgi, wasu a fuskarta. Ta durƙusa da wannan ƙafar tana tsincewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin ta miƙe wurin ya yi nisa.

Wajen sauka ta bi ta gabana. "Sannu da aiki, Kyaftin." Tun 1981 Toto take ce mini.

Litinin, 19 ga Maris

Ofis ya aiko da yabo, mun isa kafin lokaci da minti shida. Dodoy yana gaishe ni kamar baƙo. Luz ta mayar da maganin cikin kabad.

Da safe na ga inda na kankare a bututu, shuɗin yana leƙowa. Na ɗauko buroshi na shafe da kaina. Saboda tsatsa ne kawai.