Ƙwaryar da Na Fasa da Doka

Gwandu, daren Laraba, 1974

Yau karatuna na aji uku ya ka da ni. A mararrabar kasuwa na ce wa ɗiyata Hajo, "A doka, mai ƙafa ke da hanya." Na ɗaga hannu kamar ɗan sanda, na ja ta muka shiga titi. Ashe direban babbar motar da ke tafe bai je makarantarmu ba. Garin kauce mana ya take ƙwaryar nonon wata Bafillata.

Na laluba aljihu. Bafillatar ta ce, "Bari, baffa. Ta marigayiya innata ce, ba ta kasuwa ba."

Gobe sai rugarsu wajen Kambaza, in durƙusa neman gafara. Ta Hajo ce ban san inda zan fara ba. Tun la'asar ta ƙi ba ni hannunta.