An Yanke Maganar Rafin

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

Yau aka fara nuna shirin Mazan Rami. Ga Sharhabilu, ƙanena, a talabijin, kansa da hular kwano, yana tuƙa motar haƙar kwal a can jihar da ya tafi aiki. Sun sa kiɗa kamar fim ɗin yaƙi. Matan layinmu na Limawa sun cika mini falo, Murja maƙwabciyata har da guɗa. Ni dai ruwa na raba musu.

Asabar, 12 ga Afrilu

Sun nuna rafin da ke bayan ramin, rana na faɗuwa a kansa, gwanin kyau. Daga nesa suka ɗauka. A rafin nan shanun Baffa suka sha ruwa da ranin bana. Sharhabilu ne ya ce masa ya kai su can, wai akwai ciyawa. Ruwa baƙi, yana warin ashana. Da yawa ba su tashi ba, har da farar saniyar da Inna ta bar mini.

Talata, 15 ga Afrilu

Na kira Sharhabilu. "Wallahi Adda na faɗa musu zancen ruwan, har kuka na yi. Sun yanke." Amma inda yake rawa a kan mota ba su yanke ba. Yana magana yana tari. Wai mura ce.

Laraba, 30 ga Afrilu

Ɗalibaina sun daina ce mini Malama Mashkura. Yanzu ni ce yayar Sarkin Rami, laƙabin da shirin ya ba shi.

Juma'a, 9 ga Mayu

Masu shirin za su zo Buji, ƙauyenmu, ranar Lahadi su ɗauki hoton dangin Sharhabilu. Baffa ya ce zai kora ragowar shanun daji tun asuba, ba ya son ganin kowa. Ni zan je. Zan kalli kyamarar in faɗi komai, su yanke in sun iya. Da Sharhabilu ya ji niyyata ya sake kira: "Adda, don Allah. In kika yi, aikina ya tafi. Ga matata Hamida ta kusa haihuwa."

Na kashe wayar.

Lahadi, 11 ga Mayu

Sun zo da mota biyu. Suka sa aka ɗauke bokitin roba aka ajiye ƙwarya, wai ta fi kama da ƙauye. Sharhabilu ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Wata yarinya mai murmushi ta tambaye ni ko ina alfahari da shi. Ya tsaya bayanta yana kallona, hannunsa a ƙirji yana danne tari.

Na ce ƙwarai kuwa.

Ta ce in maimaita da fara'a. Na maimaita.

Leshin Sallah na sa, amma don sauran kayan ba su bushe ba ne. A mota na tambayi direbansu wace Asabar za a nuna namu. Murja ce za ta so sani.