Baron da Ke Jiran Akwatinki a Ƙofar Jami'a

Zuwa ga hasken idona, sanyin ƙirjina, inuwar da nake fakewa idan rana ta take tsaka! Zuwa ga farin watan da ke fitowa ba tare da neman izinin gajimare ba, ruwan farko da ke sauka ƙasa ta ɗauki ƙamshi, tsuntsuwar da in ta yi kuka sauran tsuntsaye ke jin kunyar buɗe baki! Gaisuwa mai nauyi nake aiko miki, irin wadda in aka ɗora ta a barona sai tayar ta lotse. Yaya Mama da ciwon ƙafa? Yaya Baba? Yaya ɗaurin kaya?

Ki yi haƙuri da rubutun nan in kin ga yana hawa tudu yana gangarowa, hannuna ya fi sabawa da ƙarfen baro a kan biro. Da waya zan kira ki, to amma ke ba kya barin mutum ya kai ƙarshen magana, tun ina tsakiya kike fashewa da dariya, ni kuwa da na ji dariyarki shi ke nan na manta inda na dosa. Takarda ba ta dariya, shi ya sa na zaɓe ta.

Kin tuna ranar da na ɗauko miki keken ɗinkin Mama zuwa wurin mai gyara? Kina gaba ina baya, tayar barona tana ta ƙiiƙii a kan titi, ni kuma bakina ya mutu murus. Kika waiwayo kika ce tayar ta fi mai ita iya hira. Wayyo ni! Tun daga ranar ban sake ɗiga mata mai ba. Abokan aiki har roƙona suke yi, ni kuwa yaya zan toshe bakin tayar da ta yi magana a madadina a lokacin da na kasa?

Yanzu ga shi jami'a ta ɗauke ki, kuma wannan jami'ar da nake tura kayan ɗalibai a bakin ƙofarta. Buri ɗaya gare ni a duniya: ranar da za ki shiga, ni zan tura akwatinki. Ni, da hannun nan nawa. Sai dai kin faɗa min mako, ba ki faɗa min rana ba. Mu kuwa masu baro layi muke bi. Mota ta tsaya, na gaba ya je, ba zaɓe, ba tsallake. Saboda haka tun da makon ya kama na yi sammako na kama gaban layi na kafe. Mota ta tsaya, in leƙa, in ba ke ba ce sai in ce da na bayana, "Wuce." Ta gaba ta zo, "Wuce." Har sun sa min suna Malam Wuce. Ciyaman ɗinmu ya kira ni gefe ya tambaye ni ko baron haya na ba wa ƙadangaru, don ya ga ɗaya yana shan hantsi a ciki.

Tunda tsayuwar ta yi yawa, na ce bari in tattaro miki abin da idona ya gani a shekarun da na yi a ƙofar nan. Ban taɓa zama a aji na ji lacca ba, amma duk wanda ya shiga ni na kai shi, duk wanda ya fita ni na fito da shi.

Ya ke furen da ƙudan zuma ke layi dominsa, kada ki zo da babban madubi. Na shigar da madubai da yawa, ban taɓa fito da guda lafiya ba. Kada ki haɗa man girki da takardu a jaka ɗaya. Na ga yarinyar da takardar shaidarta ta koma kana hango yatsanka ta bayanta. Bokiti kuwa, ki nemi mafi muni a kasuwa, mai kalar da ko kyauta ba a so. Kyakkyawan bokiti ƙafa gare shi a ɗakin kwanan ɗalibai, da kin juya baya ya tafi yawo. Silifas ma haka.

Cikin ɗakin kwananku ban taɓa gani ba. A bakin ƙofa muke sauke kaya, inda Inna mai gadi take zaune da idonta kamar na shaho, ko inuwar namiji ba ta wuce ta. Amma abin da ke fitowa ƙarshen zango yana ba ni labari. Gadajen masu hawa biyu ne. Katifar gadon ƙasa takan fito a shafe kamar burodin da aka zauna a kai, don nan ne falon kowa, nan ake hira, nan ake cin abinci, nan ake kitso. Katifar gadon sama takan fito da ƙibarta, sai dai mai ita ta fito tana ɗingishi. Na yi ta tunani a kanki, zinariyata, na yanke: ki hau na sama, ki kwanta ta jikin bango, kada ki yi mafarkin gudu. Kuma ki nisanci gadon da ke kusa da soket, in ba so kike ki zama mai gadin wayoyin jama'a ba.

Ki lura da abokan ɗaki. Akwai wadda na tura wa kaya, duk kayan girkinta cokali ne guda ɗaya tak, a aljihun jaka. Na tausaya mata har na yi mata addu'a. Ƙarshen zango ta fito ta fi kowa ƙiba a ɗakin! In kin ga mai yawan tambayar "Me kike dafawa ne haka mai ƙamshi?" to ki gaishe ta da kyau, ki rufe tukunya. Amma fa kada ki zama marowaciya, don ranar da zazzaɓi ya kama ki, mai cokalin nan ce za ta iya raka ki asibiti. Na gani da idona.

Batun aji kuwa, ya ke tauraruwar da ba ta kwana da wuri ba ta makara, nakan leƙa ta taga in an sa mu kai kujeru. Layin gaba ana shan tambaya da feshin yawun malam. Layin baya kasuwa ce, har agogo na ga ana sayarwa. Ki zauna a tsakiya, amma kafin ki zauna ki ɗaga kai ki ga wace fanka ce ke juyawa, don yawancinsu ado ne. In kin ga taro yana gudu, kada ki bi sai kin tambaya. Bara sabbin ɗalibai masu karatun shari'a suka bi wasu da gudu, suka samu kujera, suka buɗe littafi, sai da aka shigo da akuya aka ɗora a tebur suka gane ajin likitocin dabbobi ne. Ɗaya ma har ya cika shafi da rubutu.

Kada ki auna malami da tufafinsa. Dattijon da za ki gani da tsohon takalmi, wanda mu muke tura masa mota kowace safiya, shi ne babban farfesa. Mai kwat yana ƙyalli kuwa, sau da yawa katin waya yake sayarwa. Ki gaida kowa, kin huta. Laburare wuri ne mai sanyi, ana shiga da niyyar karatu a fito da shatin littafi a kumatu. Ki zauna kusa da ƙofa inda ake motsi. Kuma ki fara karatu tun makon farko, don masu jira sai jarrabawa ta ƙarato nakan gan su suna tafe suna magana da bishiya. Ki riƙa kiran Mama, ko ba ki da labari. Iyaye mata da yawa sun tsaya a ƙofar nan suna tambayata ko na ga 'yarsu, kamar ni ne na haɗiye ta.

Sai kuma masu nuna hanya. Wayyo, kurciyata, a nan ne zuciyata ke tafasa! Tsofaffin ɗalibai ne maza, da katin shaida rataye a wuya, da turare kamar an fasa shago. Za su tare ki su ce, "Ƙanwata, zo in nuna miki ofishin rajista." Ofishin rajista allonsa ya fi ƙofar gidanku girma, makaho ma zai ji iskarsa! Za su yi miki dogayen kalmomi masu wutsiya. Kada ki ruɗe. Ni na ɗauki akwatunansu, wallahi ban taɓa jin nauyin littafi ko ɗaya a ciki ba, takalma ne da man gashi. In hanya ta ɓace miki, ki tambayi mai shara.

To, yanzu ga maganar da nake ta kewaye kamar kaza da ƙwai a ciki. Yau da safe Ciyaman ya ce ya gaji da ni. Ya ce layi ba kujerar gado ba ce, ya mayar da ni can ƙarshe, kuma daga yau wanda ya ce "wuce" ya wuce gida. Ƙofa ɗaya ta rage min. Muna da wata doka tun zamanin wani dattijonmu da 'yarsa ta samu shiga jami'ar nan: mutum zai iya fita daga layi ya ɗauki kayan wani nasa, amma sai mai kayan ta faɗa da bakinta, a gaban Ciyaman da duk 'yan layi, "Wannan nawa ne." Ba a aike, ba a nuni da ido, ba a karɓar "ai kun gane."

Na san abin da nake roƙo. Na san Baba zai kasance a gaban mota, shi da har yau yake yi kamar bai san dalilin da ya sa barona ke yawan lalacewa a ƙofar gidansa ba. Na san za a cika wurin da 'yan mata masu sabbin jakunkuna, waɗanda za ki zauna da su shekaru. Kuma ni ba yaro ba ne, hasken idona. Na zauna na tambayi kaina me ya sa aka faɗa min mako aka riƙe rana. Ko mantuwa ce? Ko kunya ce irin ta 'ya mace a gaban mahaifi? Ko kuwa rigata ce mai shatin gumi? Ba na son ki amsa min a takarda. Ki amsa a ƙofa.

In kin faɗa, sama za ta buɗe, bishiyoyin bakin titi za su rusuna, zan tura kayanki a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti, ko ramin titi sai na ba shi haƙuri kafin in kauce masa! In kuwa harshe ya yi nauyi, ba zan yi fushi ba, wallahi ba zan yi ba. Sai dai ki sani, a yadda layin yake tafiya, mai yiwuwa ki faɗa hannun abokin aikinmu Guguwa, wanda ba ya ɗaure kaya kuma bai san birki ba. Duk kayan da ya ɗauka sai an bi sawunsa ana tsince-tsince. To babu dokar da ta hana mutum fita shan iska da baronsa babu komai a ciki. Zan biyo ku a baya. Filo ya faɗo in ɗauka, butar shayi ta gangaro in tare, takalmi ya yi tsalle in cafe. A bakin ƙofar ɗakin kwananku in miƙa miki in ce, "Ɗaliba, kin yar da kaya." Ki ce, "Na gode, malam." Ba wanda zai gane komai.

Sai zango mai zuwa in sake shiga layi in jira bakinki. Da na bayansa. Har ranar da za ki fito da hular nan mai faɗi kamar tire a ka, ina nan inda kika bar ni.

Naki, ko kin faɗa a gaban jama'a ko kin bar shi a cikin zuciya, har ranar da rana za ta manta hanyar gabas,

Mai baro na ƙarshen layi.