Kada Ku Binne Mahmud Da Ransa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da iyalansa da sahabbansa.

Ni ce Halimatus Sa'adiyya, wadda Ƙofar Durbi ta sani da Hajiya Sabuwa, matar marigayi Alhaji Dabo. Ina rubuta wannan da hannuna a cikin watan Muharram na 1445, wato Agustan 2023. Hankalina ɗaya ne, ba wanda ya sa ni, ba wanda ya gaya min abin da zan ce. Jikin ne ya ƙi. Wankin ƙodar da ake yi min sau biyu a mako ya daina tashina, kuma na ga yadda likita yake kauce wa idona. Malam Gwadabe, limamin unguwarmu, zai sa hannu a ƙasa a matsayin shaida.

Zuwa ga 'ya'yana uku: Siddiq, Nafisa da Mahmud. Siddiq, tunda na haife ka ban taɓa kiran sunanka a gaban mutane ba, don kai ne ɗan fari. Yau na ajiye kunya, domin maganar da ta fi nauyi a kanka za ta sauka.

Na ɗaya. Ku yi min sutura da wuri, kada a jira kowa. Nafisa ta yi min wanka. Ban yarda a kafa rumfuna a tare hanya ba.

Na biyu. Mahmud bai taɓa sayar da ƙwaya ba. Ku sake karanta wannan layin. Ɗan'uwanku da ke kurkuku a ƙasar Tailan shekara goma sha uku bai taɓa ɗaukar ƙwaya ba, kuma na san haka tun shekarar da aka ɗaure shi.

Ni na kai shi ƙasar. Kun san bayan na bar koyarwa na shiga fataucin takalma da jakunkuna da leshi daga Bankok, babban birninsu. Da ya gama difloma ya rasa aiki, sai na tafi da shi ya riƙa taya ni ɗaurin kaya. Yaron yana da kunne. Kafin zuwa na uku ya fara ciniki da yarensu, masu shaguna suna dariya suna rage masa. Wani kamfanin lodin kaya ya ɗauke shi tuƙi, na bar shi can ina murna, don ya zama idona a kasuwa.

Sai ya ga yarinya. Musulma ce, iyayenta suna sayar da abinci kusa da masallacin da baƙi ke Juma'a. Sunanta na can ba ya zama a bakinmu, shi ya sa yake kiranta Zuwaira. Da ya bugo ya gaya min, na ce masa, "In ka aure ta, ka nemi wata uwar." Ya ce, "Hajiya, ki gan ta tukuna." Na kashe wayar. Mahaifinku ne ya ba shi izini a bayan idona, aka ɗaura.

Dangin Zuwaira talakawa ne, kuma suna mutuwar son wani tsohon firaministansu da soja suka kifar, ya koma zaman gudun hijira a waje. Sun ce a zamaninsa ne talaka ya fara ganin likita da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, a lokacin aka yi wa uwarsu aikin ido. A 2010 magoya bayansa, masu jajayen riguna, suka mamaye tsakiyar birnin, dab da kasuwar da nake sari. Yayan Zuwaira, ɗan acaɓa, yana cikinsu. Ranar da soja suka shigo aka harbe shi a ciki. Zuwaira ta kira mijinta tana kuka. Mahmud ya ɗauki motar kamfani ya kutsa, ya ɗauko surukinsa da wasu mutum biyu masu rauni. A shingen soja aka tsayar da su. Surukin ya riga ya cika a bayan motar. Aka sami jarkokin fetur da ɗaya daga cikin mutanen ya jefa ciki, a ranar kuwa an ƙona gine-gine a birnin. Aka sa Mahmud cikin masu ƙone-ƙone, aka yanke masa shekara ashirin da biyar.

Duk wannan yana cikin wasiƙar da Zuwaira ta sa aka rubuta mata da Turanci, ta ba Alhaji Muttaka na Gobarau, abokin fataucina, ya kawo min hannu da hannu, tare da kwafin takardar kotu da fassararta. Na karanta a ɗakina, na naɗe, na tura ƙarƙashin zannuwan da ke ƙasan adakata. Tana nan har yanzu. Makullin yana cikin jakar carbina.

A lokacin gari ya riga ya ɗauka. Kowa ya ji an ɗaure ɗan Najeriya a Tailan, abu ɗaya yake kawowa. Mahaifinku ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Sabuwa, Muttaka bai zo da wani bayani ba?" Na ce, "Babu." Ina jin haushin cewa saboda matar nan da danginta ɗana ya jefa kansa a wuta, kuma ban so a ce ya yi abin kirki ta dalilinta. Na ce a raina bari ya ɗan ɗanɗana, in na huce zan faɗa. Na roƙi Alhaji Muttaka ya bar maganar a hannuna, ya bari. Mako ya zama wata, wata ya zama shekara, faɗar ta ƙara nauyi. Mahaifinku ya hana a ambaci sunan Mahmud a gidan nan, ya daina zama a majalisar ƙofar gida. Ya rasu bayan shekara biyu yana ganin ya haifi dillalin ƙwaya. Ina zaune kusa da kansa, bakina a rufe.

Ban san yadda zan tsaya gaban Allah da wannan ba. Na yi istigfari har harshena ya bushe, amma haƙƙin na mutane ne, ɗaya yana kabari, ɗaya yana bayan ƙarfe.

Na uku. Siddiq, ka ɗauko takardun nan ka karanta da idonka, sannan ka je gidan ƙanwarka. Shekara shida ba abin da ke haɗa ku sai gaisuwar Sallah, tun ranar da ta ce ba ta yarda da zancen ƙwaya ba, ka ce in ta ƙara kare shi kada ta sake tako gidanka. Bara, da ta samo lambar Zuwaira ta kawo maka labarin gaskiya, ka ce duk ɗan ƙwaya da irin tatsuniyarsa. Ina kwance ina jin ku ta taga, kalma ɗaya daga bakina ta isa, ban furta ba. Na san abin da ka sha. Na san a ofis an yi maka habaici, na san an fasa neman ɗiyarka saboda sunan baffanta. Ba Mahmud ya jawo maka ba, ba Nafisa ba. Ni ce. In za ka yi fushi, ga inda za ka kai shi. Amma ka je mata kafin a yi addu'ar bakwai, kai ne babba, kai za ka fara sallama.

Nafisa, ke kuma kada ki ce masa "ai na faɗa". Ki shimfiɗa masa tabarma ki kawo ruwa.

Na huɗu. Gado a raba yadda Allah ya ce, Malam Gwadabe ya san wanda zai kira. Amma Mahmud rayayye ne, rabonsa nasa ne cif. Kada wani ya ce a juya masa, kada wani ya ce a ara. Gidan nan na Ƙofar Durbi ina roƙonku kada a sayar sai ya fito an yi shawara da shi. Ɗakinsa na kusa da rijiya, wanda aka mayar wurin ajiye buhuna, a kwashe, a gyara rufin da ke yoyo, a yi fenti.

Daga cikin sulusin da shari'a ta ba ni iko, na ba Zuwaira awarwarona na gwal guda huɗu da injin ɗinkina. Matar da na ƙi ko kallon hotonta ita ce take hawa mota ta je ta gan shi duk mako, shekara goma sha uku, ba ta nemi saki ba, ba ta sake aure ba. Sarƙata babba da 'yan kunnenta na ɗiyarsu ne. Sunana Mahmud ya sa mata, Halima, bayan duk abin da na gaya masa. Shekararta goma sha biyar. Bara Nafisa ta miƙo min waya, sai ga yarinya da ɗankwali, da goshin mahaifinku sak, ta ce, "Ina kwana, Kaka. Ina gajiya." Ubanta ne ya koya mata ta bayan gilashi, kalma ɗaya ko biyu a kowace ziyara. Na juya fuskata bango, Nafisa ta ce mata wai maganin ne ya sa ni barci.

Na biyar, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Ku fito min da ɗana.

Duk Katsina yanzu maganar juyin mulkin Nijar da rufe iyaka ake yi. Ni kunnena yana Bankok. Tun da aka yi zaɓensu a watan Mayu ake cewa tsohon firaministan nan zai koma gida bayan shekara goma sha biyar a waje. Zuwaira ta ce a unguwarsu ana ta raɗe-raɗin in ya dawo za a yi sulhu, wataƙila a yafe wa waɗanda aka ɗaure saboda rikicin siyasa. Ba wanda ya yi mata alkawari. Na sani. A 2013 ma an kawo dokar afuwa, na yi azumin nafila a ɓoye, sai abin ya watse, aka koma zanga-zanga, soja suka sake karɓar mulki. Na san kuma manya in sun shirya, kansu suke fara cetowa, ba direban motar kaya baƙo ba. Duk da haka kullum da safe sai Nafisa ta karanto min labarinsu a waya kafin in iya haɗiye koko. Na haddace sunayen jam'iyyun da ban san ma'anarsu ba. Tsohon firaministan ya ce zai sauka ranar goma ga Agusta, na ƙirga kwanakin da yatsu, na roƙi Allah ya ja min rai zuwa ranar. Jiya aka ce ya ɗaga, wai zai ga likita. Na yi kuka kamar an yi min mutuwa. Tsohuwa a Ƙofar Durbi tana kuka don wani attajiri da bai san da ita ba ya fasa hawa jirgi. Ga inda na kai kaina.

Ku kada ku zauna jiransa kamar ni. Ya dawo ko bai dawo ba, ga abin da za ku yi. Zuwaira ta ce fursuna yana iya neman sassauci daga sarkin ƙasar, kuma lauyan Mahmud ya ce takarda daga iyayensa da danginsa tana ƙara wa roƙon nauyi. Sau uku tana aiko min da takardar ta hannun Alhaji Muttaka, sau uku ina mayarwa ba sa hannu. Yanzu na rubuta, na sa hannu, na dangwala yatsa. Tana tare da wasiƙar Zuwaira a cikin adaka. Siddiq, kai ka san ofisoshi, ka san yadda ake bin takarda har ta isa. Ka kai ta Abuja, ka bi ta ofishin jakadanci, kada ka ba wa wani saƙo. In an ce ka dawo gobe, ka dawo gobe. In kuma aka yi afuwar, ka tabbata lauya ya sa sunansa, don baƙo shi ake fara mantawa. A sayar da filina na hanyar Jibiya a yi hidimar, na yi magana da Nafisa, na san Mahmud ba zai ƙi ba, kai nake roƙo.

Na shida. Kada a gaya masa mutuwata ta waya, kada a bar wa Zuwaira wannan nauyin. Siddiq, ka yi biza ka je da ƙafarka. Ka zauna gabansa ya ga fuskar ɗan gidansu. Ka gaya masa maganar da na yi ranar da ya ce zai yi aure na janye ta, na janye ta tun da daɗewa, girman kai ne ya hana ni faɗa. Ka gaya masa abin da na yi da wasiƙar, kada ka rage komai don ka kare ni. Ka gaya masa mahaifinsa bai san gaskiya ba, da ya sani da ya yi alfahari da shi. Sannan ka roƙar min gafara. In ya yi shiru, kada ka matsa masa. In ya ce bai yafe ba, ka karɓa, yana da gaskiya.

Bayan addu'ar uku, Malam Gwadabe ya karanta sashe na biyu na takardar nan a ƙofar gida, gaban maza, Nafisa ta karanta wa mata a ciki. Na san za a yi da ni a gari. A yi. Shekara goma sha uku ana yi da wanda bai yi komai ba.

Na gaji, saura kaɗan.

Allah ya yi muku albarka, ku da abin da kuka haifa. Siddiq, na yafe maka duniya da lahira, Allah ya sanyaya zuciyarka. Nafisa, kin ɗauke ni kamar jaririya shekara uku ba ki taɓa tsaki ba, Allah ya ba ki masu yi miki fiye da haka. Mahmud, Allah ya buɗe maka ƙofar nan, ya sa ka taka ƙasar Katsina da ƙafarka, kai da matarka da ɗiyarka. Ku riƙe juna. Ku uku ne, kada ku sake komawa biyu.

Ranar da ya sauka zai ce a wuce da shi maƙabarta. Kada ku kai shi ranar. Ku kawo shi gida, a ba shi ruwan zafi ya yi wanka, Nafisa ta tuƙa tuwo, ku zauna a tsakar gida har ya ƙoshi, maƙwabta su shigo su gan shi. Ni ba inda za ni. Washegari ma ya same ni.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Mahaifiyarku,
Halimatus Sa'adiyya (Sabuwa)
Ƙofar Durbi, Katsina